Babi na Bakwai: Ladabin Titi Ba a Jini Yake Ba

A rubuce, dokokin tuƙi na ƙasashen duniya kusan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Jar danja tsayawa take nufi a Tokyo, haka take nufi a Kano da Yamai da Balin. Tun 1949 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar motoci a Janeba, suka sake zama a Biyana a 1968 suka daidaita alamomin titi da sharuɗɗan lasisi, shi ya sa direban da ya ɗauko kaya daga Maraɗi zuwa Katsina ba ya neman tafinta kafin ya gane allon da ke gefen hanya. Amma da an bar takarda an hau kwalta sai kamannin su watse. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi kowace shekara, kuma haɗarin mota ne ya fi komai kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Mutuwar kuma ba ta rabu daidai ba. A cikin kowane mutum 100,000, Afirka tana rasa kimanin 19 a shekara, Turai kimanin 7, Suwidin kuwa 2 da 'yar ɗoriya, alhali motocin da ke Afirka ba su kai ko kusa da na Turai yawa ba.

Amsar da aka fi ji a tasha da majalisar hira ita ce hali. Ana cewa Bature yana da haƙuri, mutumin Japan yana da ladabi, mu kuwa gaggawa da son kai sun yi mana katutu. Amsa ce mai daɗin faɗi domin tana sauke wa kowa nauyi: idan hali zanen dutse ne, to babu abin gyarawa, kuma babu wanda za a tuhuma. Ni ban yarda da ita ba, kuma hujjojin da ke tafe su ne dalilina. Direba yana tuƙi ne gwargwadon abin da yake tsammani daga sauran direbobi da abin da yake tsammani daga hukuma. Wannan tsammani kuwa gina shi ake yi, da abubuwa uku: ƙofar da ake bi kafin a sami lasisi, tabbacin cewa lasisin yana iya suɓucewa daga hannun kowa, da yadda aka shimfiɗa titin kansa. Ƙasashen da ake yabo a yau sun gina waɗannan ne bayan sun binne dubban 'ya'yansu, kuma ranakun da suka fara ginin suna nan a rubuce.

Ƙofar shiga

A Jamus ba a yarda uba ko yaya ya koya wa mutum mota a fili ya kai shi jarrabawa ba. Dole ne a shiga makarantar koyon tuƙi mai rajista. Mai neman lasisin ƙaramar mota zai zauna darussan aji 14, kowanne na minti 90, ya yi gwajin ido, ya yi kwas na taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni. Bayan darussan tuƙi na yau da kullum, doka ta ɗora masa fita ta musamman 12, kowace ta minti 45: biyar a hanyoyin karkara, huɗu a babbar hanyar da suke kira Autobahn, uku cikin duhu. Malamin da ya koya masa ba shi ke jarraba shi ba. Mai jarrabawa daga wata hukuma dabam yake zuwa, TÜV ko DEKRA, ya zauna a kujerar baya yana lura, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu shiga gwajin tuƙin ƙaramar mota faɗuwa suke yi. Kuɗin duka yakan haura Yuro 3,000. Wanda ya ci ma bai tsira ba, domin shekara biyu na farko na gwaji ne: ba a yarda ya tuƙa da ko ɗigon barasa a jikinsa ba, kuma babban laifi ɗaya ya isa a mai da shi aji a tsawaita masa zaman gwajin.

Japan ma haka take da tsanani. Makarantunta suna ba da darussan aji 26 da na tuƙi sama da 30, kuɗin yakan kai wajen Yen 300,000, kuma tun 1972 sabon direba yake manna wata alama mai launin kore da rawaya a motarsa har shekara guda, doka kuma ta hana sauran direbobi matse shi ko yankar gabansa. Wanda ya shekara biyar bai yi laifi ba ana ba shi lasisi mai zanen zinariya, har kamfanonin inshora su rage masa kuɗi. Birtaniya ta wajabta jarrabawar tuƙi a 1935, ta ƙara ta rubutu a 1996, a 2002 ta ƙara wadda ake nuna wa mutum bidiyon titi a ga ko yana hango haɗari kafin ya iso, kuma kusan rabin masu shiga gwajin tuƙi ba sa ci. Amurka ta bi wata hanya. Kowace jiha ke ba da nata lasisin, a yawancinsu ɗan shekara 16 yana tuƙi, a Dakota ta Kudu ma ana fara koyo tun 14, gwajin kuma gajere ne mai sauƙi. Amurka ta fi duk waɗannan ƙasashe dukiya, amma tana binne mutum wajen 40,000 a shekara, kimanin 12 cikin 100,000, ninki uku zuwa biyar na Jamus da Japan da Birtaniya. Amurkawa sun fi su yawan tafiya a mota, gaskiya ne, amma ko da tsawon tafiya aka auna gibin ba ya rufewa.

A ɗaya gefen akwai ƙasashen da dokarsu take da kyau a littafi, amma ƙofar bayan gida ta fi ta gaba faɗi. Masana tattalin arziki huɗu, Marianne Bertrand da Simeon Djankov da Rema Hanna da Sendhil Mullainathan, sun bi diddigin mutum 822 masu neman lasisi a Delhi ta Indiya, suka wallafa sakamakon a 2007. A cikin waɗanda aka bari suka bi hanyar da aka saba suka sami lasisi, kashi 71 cikin ɗari ba su taɓa zama jarrabawar ba, kuma da masu binciken suka gwada su da kansu, kashi 62 ba su iya tuƙi ba. Dillalai ne ke karɓar kuɗi su fito da takardar. Abin da ya fi muni, wanda ya ƙi bin dillali ya shiga jarrabawa da gaskiya, ana iya kayar da shi ko ya iya ko bai iya ba, har ya gaji ya nemi dillalin. Mai karatu a Najeriya ba zai ji wannan labari baƙo ba. A ƙa'ida, sai mutum ya kai shekara 18, ya gama makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, jami'in duba motoci ya gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A aikace kuwa, kowa ya ji ana cewa "akwai wanda zai yi maka, kawo hoto da kuɗi kawai."

Amfanin karatu ɗaya

Me jarrabawa mai tsanani take samar wa jama'a? Mutane da yawa suna zaton ƙwarewar hannu ce, wato iya juya sitiyari da canja giya da shiga kwana. Idan wannan ne, direbobin haya na Afirka ta Yamma sun fi na Jamus nesa ba kusa ba. Wanda yake ratsa kasuwar Kantin Kwari da Adaidaita Sahu, ko yake jan tirela daga Legas zuwa Maiduguri a kan ramuka, ba shi da abin koya daga kowa a fannin sarrafa mota. Abin da jarrabawa take samarwa shi ne kowa ya yi karatu ɗaya, kuma kowa ya san ɗan'uwansa ma ya yi shi. A Jamus, idan layi biyu za su koma ɗaya, doka ta ce kowa ya tafi har bakin wurin matsewar, sannan a riƙa shiga ɗaya daga nan ɗaya daga can. Idan cunkoso ya tsaya a babbar hanya, motocin layin hagu su raɓe hagu, sauran su raɓe dama, a bar fili a tsakiya tun kafin a ji jiniyar motar asibiti. Ba a shan gaban mota ta hannun dama. Direban da ya ba wani hanya a can bai yi asarar komai ba, domin ya tabbata na gaba zai ba shi, kuma na bayansa ba zai cusa kai ya cinye gurbin ba.

Inda babu karatu ɗaya, lissafin yakan juye. Wanda ya tsaya ya ba da hanya a shataletale, mota biyar za su shige ta gabansa, na bayansa kuma ya cika masa kunne da hon. Wanda ya bar tazara tsakaninsa da motar gaba, ɗan acaɓa ya cike ta. A irin wannan titi, cusa kai shi ne dabarar da ke kai mutum gida, mai haƙuri kuma shi ake hukuntawa kullum, har ya daina. Hatta alamomin da direbobi ke yi wa juna ma'anarsu ta dogara ne da wannan tsammani. Idan direba ya ƙyafta maka fitila a Ingila, galibi cewa yake "wuce, na ba ka hanya." A Indiya da Najeriya ƙyaftawar nan gargaɗi ce: "ga ni nan tafe, kada ka shigo." A Japan wanda aka ba hanya yakan kunna fitilun gargaɗi sau biyu ko uku don godiya. A manyan motocin Indiya kuwa rubutu ake yi a baya ana roƙon na baya ya danna hon, domin a titin da ba a dogara da madubi da layi ba, kunne ne ke aikin ido. Kowace al'ada cikin waɗannan amsa ce mai ma'ana ga titin da ta taso a kai.

Masu cewa hali ne

Masu ɗora laifi kan hali suna da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a kawo ta yadda take. Jami'an diflomasiyya da ke aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Niyok suna da kariya, ba a gurfanar da su. Tsakanin 1997 da 2002 sun tara takardun tara na ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba sama da 150,000 da ba su biya ba, kuɗin ya haura Dala miliyan 18. Raymond Fisman da Edward Miguel sun tantance takardun ƙasa-ƙasa, suka ga jami'an Suwidin da Norwe da Kanada kusan ba su da ko ɗaya, na Kuwaiti da Masar kuwa suna kan gaba, kuma yawan laifin yana tafiya da yawan cin hanci a ƙasar da mutum ya fito. Ga mutane a gari ɗaya, titi ɗaya, babu mai tsoron hukunci, amma kowa ya zo da tarbiyyar gidansu. Sai dai binciken bai tsaya nan ba. Ya nuna cewa gwargwadon daɗewar jami'i a birnin, gwargwadon ƙaruwar laifinsa, kuma lalacewar ta fi sauri a wurin 'yan ƙasashen da ake yaba wa. Sannan a ƙarshen 2002, da hukumar birnin ta fara cire lambar motar duk wanda ya tara bashin tara, laifin ya faɗi da kusan kashi 98 cikin ɗari. Tarbiyya gaskiya ce, amma tana zaizayewa inda babu hukunci, tana kuma tsirowa cikin 'yan watanni inda aka kawo shi.

Tarihin ƙasashen da ake misali da su ma shaida ne. A 1970 Jamus, gabas da yamma a haɗe, ta rasa sama da mutum 21,000 a titi, a 2023 kuwa ƙasa da 3,000, ga motoci sun ninka. A wannan shekara ta 1970 Japan ta rasa 16,765, har jaridunta suna kiran abin yaƙin titi, a 2023 kuma 2,678. Holan ta rasa kimanin 3,300 a 1971, sama da 400 daga ciki yara ne, sai iyaye suka fito zanga-zanga suna neman a daina kashe musu 'ya'ya, daga nan aka fara gina hanyoyin kekuna da ake sha'awa a yau. Kakannin direbobin nan masu haƙuri su ne masu gangancin jiya. Ladabin Japan da ake yi wa kirari ma bai hana komai ba sai da aka bi shi da aiki: ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, JAF, ta auna a 2016 ta ga ƙasa da mota 8 cikin 100 ke tsayawa wa mai tafiya a ƙasa a wurin tsallakawa marar danja. Da 'yan sanda suka matsa, aka yi ta wayar da kai, zuwa 2024 adadin ya haura rabi. Mu ma da ake ce wa ba mu san layi ba, a duba sahun sallar Juma'a. Dubban mutane suna daidaita kafaɗa cikin minti ɗaya ba ɗan sanda ko ɗaya, domin kowa ya koyi ƙa'idar tun yana yaro, kowa ya san na kusa da shi ya koya, kuma wanda ya karkace za a jawo hannunsa nan take. Mutanen nan ne dai ke fitowa su cushe a mahaɗar titi bayan an sallame.

Koyarwa kaɗai ba ta isa ba

Akwai wata suka da ta fi ta hali nauyi, domin daga masana harkar take fitowa. Suna cewa an sha auna darussan tuƙi, ba a ga sun rage haɗari yadda ake zato ba. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Amurka ta yi babban gwaji a gundumar DeKalb ta jihar Jojiya da ɗalibai kusan 16,000: wasu aka ba su horo mai zurfi, wasu ɗan kaɗan, wasu ba a ba su ba. Bambancin haɗari tsakaninsu ɗan ƙanƙani ne kuma bai daɗe ba, abin da horon ya fi yi shi ne sa yara karɓar lasisi da wuri. Norwe ta wajabta koyon sarrafa mota a kan santsin ƙanƙara, sai aka tarar haɗarin samari a kan santsi ya ƙaru, domin wanda aka koya wa yadda zai ƙwace mota idan ta zame sai ya daina tsoron zamewar. Wannan suka gaskiya ce, kuma dole mai kare lasisi ya karɓe ta. Darasin da ke ciki shi ne, horon da ke ƙara wa saurayi yarda da kansa yana iya kashe shi. Suwidin da Finlan har yanzu suna kai ɗalibai filin santsi, amma sun juya manufar: ana kai su ne su ji da jikinsu yadda birki ke cin amana, don su rage gudu.

Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne a ba da lasisi mataki-mataki. Niyu Zilan ce ta fara a 1987, lardin Ontariyo na Kanada ya biyo a 1994, jihar Fulorida a 1996, yau kuma kowace jiha a Amurka tana da wani nau'insa. Sabon direba zai fara da tuƙi tare da babba a gefensa, sannan a sake shi da sharaɗi, ba tuƙin tsakar dare, ba ɗibar abokai samari, sai ya cika wa'adi lafiya a ba shi cikakken lasisi. A jihohin Biktoriya da Niyu Sawut Wels na Ostireliya, matashi sai ya cika awa 120 yana tuƙi ƙarƙashin kulawa kafin ya shiga gwaji. Hikimar a fili take: watannin farko na tuƙi shi kaɗai su ne mafi haɗari a rayuwar direba, don haka ake raba shi da dare da zugar abokai har idonsa ya buɗe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai kuma abin da ke riƙe tarbiyyar bayan an bar makaranta, wato tabbacin hukunci. Faransa tana da makarantun tuƙi masu tsauri tun da daɗewa, ta kuma kawo tsarin maki 12 a 1992, amma har 2001 tana rasa mutum wajen 8,000 a shekara, kuma share wa ɗan'uwa ko aboki takardar tara abu ne da aka saba. A ranar 14 ga Yuli 2002 Shugaba Jacques Chirac ya ayyana tsaron titi cikin manyan ayyukan mulkinsa, a 2003 aka fara kafa kyamarori masu kama gudu su aika wa mutum tara har gida. Kyamara ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro, ba a yi mata waya. Zuwa 2010 mutuwar ta sauko kusan 4,000. Jamus tana ajiye makin laifin kowane direba a garin Flensburg, wanda ya tara 8 ya rasa lasisi. Finlan tana yanka tarar babban gudu gwargwadon samun mutum, har a 2002 aka yanka wa wani babban darakta na Nokia Yuro 116,000, kafin kotu ta rage bayan ya nuna samunsa ya sauka. Abin da ya haɗa su duka shi ne doka ta hau kan kowa, kuma kullum. Tara mai tsanani da ake sasantawa a bakin hanya ba ta koyar da komai face farashin jami'i. Haka nan duk ranar da ayarin babban mutum ya bi hannun da ba nasa ba da jiniya, ya rushe abin da makarantun tuƙi suka shekara suna ginawa, domin ya sanar da kowa cewa bin doka aikin marar gata ne.

Talauci da tsada

Za a ce duk wannan zancen masu kuɗi ne, su da ke da tituna masu kyau da sababbin motoci da asibitoci. Akwai gaskiya a ciki. A 1997 majalisar Suwidin ta amince da manufar kawo mutuwar titi zuwa sifiri, bisa fahimtar cewa ɗan Adam ba ya rabuwa da kuskure, don haka titi ne ya kamata a gina yadda kuskure ba zai zama ajali ba. Suka sa shingen waya a tsakiyar hanyoyin karkara don hana karon gaba da gaba, suka mai da mahaɗu shataletale, suka rage gudu zuwa kilomita 30 a unguwanni, domin wanda mota ta buge a wannan gudu galibi yana rayuwa. Wannan yana cin kuɗi, kuma babu ladabin da zai cike ramin da ke tsakiyar hanya. Amma kuɗi kaɗai ba su ne amsa ba, in ba haka ba da Amurka ce kan gaba. Ƙasashe marasa ƙarfi kuma sun yi abin a zo a gani da ɗan abin hannunsu. Biyetnam ta wajabta hular kwano ga masu babur daga 15 ga Disamba 2007, bayan ta tanadi huluna masu araha ta kuma sanar da ranar tun da wuri, kusan a dare ɗaya masu sawa suka haura kashi 90 cikin ɗari.

A Bogota ta Kolombiya, magajin gari Antanas Mockus ya rusa rundunar 'yan sandan titi da ta yi ƙaurin suna wajen cin hanci, ya zuba 'yan wasan kwaikwayo sama da 400 a mahaɗu suna kwaikwayon mai karya doka a gaban jama'a, domin ya lura mutanensa sun fi tsoron kunya a kan tara. Tare da sauran gyare-gyare, mutuwar titi a birnin ta ragu da kusan rabi cikin shekara goma. A Kenya, James Habyarimana da William Jack sun manna 'yan takardu a cikin motocin haya sama da 1,000 suna ƙarfafa fasinja ya yi magana idan direba ya fara ganganci, suka kwatanta da motocin da ba a manna wa ba, sai neman diyyar haɗari daga inshora ya ragu da rabi ko fiye. Fasinjan da ya ce "Malam direba, a rage wuta, rayuka ka ɗauko" yana aikin da kyamara ke yi a Faransa, muddin sauran fasinjoji suka mara masa baya maimakon su ce ya cika tsoro. Najeriya da kanta ta taɓa nuna abin da za ta iya. A ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar gaba ɗaya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama don ta dace da Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomi, Ghana ta biyo baya a 1974. Al'adar da ta fi kowace zama a hannun direba aka sauya a rana ɗaya, domin an shirya, an sanar, kuma kowa ya tabbata kowa zai sauya.

Saura sukar da ta fi taɓa zuciya: idan aka tsaurara lasisi, talaka aka rufe wa ƙofa. A ƙasashenmu tuƙi sana'a ce da ke ciyar da miliyoyin gidaje, kuma yawancin direbobin haya ba makaranta suka je ba, yaran mota suka yi shekara da shekaru a hannun maigida. Jamusawa da kansu suna kuka da tsadar nasu lasisin. Amma tsada dabam, gaskiya dabam. Ba Yuro 3,000 ke sa lasisin Jamus ya yi daraja ba, darajarsa ita ce ba a sayar da shi. Talakan Delhi da na Kano suna biyan kuɗi tun yanzu, dillali suke ba, su karɓi takardar da ba ta shaidar komai. Jarrabawa mai araha, wadda za a iya yi da baki cikin Hausa ko Zabarmanci ko Kanuri ga wanda bai yi boko ba, wadda mai koyarwa ba shi ke ba da maki ba, wadda ake ɗauka a kyamara don kada a kayar da mai gaskiya, ta fi tsarin dillalai tausayin talaka. Yaron mota da ya shekara biyar a gefen maigidansa ya riga ya tara awannin da Ostireliya ke nema ninkin ba ninkin, abin da ya rage masa shi ne ƙa'idar da zai yi tarayya da kowa a kanta. Kada kuma a manta su wa ake kashewa: fiye da rabin masu mutuwa a titunan duniya masu tafiya a ƙasa ne da masu babur da keke, wato waɗanda ba su da motar ma.

Idan mota ta kife da mutane mukan ce kwana ne ya ƙare, mu yi wa mamatan addu'a, kuma daidai ne mai imani ya karɓi ƙaddara. Amma addinin da ya koyar da ƙaddara shi ne ya koyar da a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali, shi ne ya sa kawar da cuta daga hanya cikin rassan imani, shi ne kuma ya ɗora diyya da kaffara kan wanda ya kashe rai ko da bisa kuskure. Ƙaddara ba ta wanke direban da ya sha gaban mota a kan kwana, ba ta kuma wanke jami'in da ya sa hannu a lasisin wanda bai taɓa gani a bayan sitiyari ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988 Wole Soyinka yana shugabanta na farko, tana ƙirga mutuwar mutum wajen 5,000 a shekara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ƙiyasta sama da 35,000, domin da yawa ana binne su ba tare da sun shiga kowane littafi ba. Jamus da Japan da Holan sun taɓa tsayawa a gaban irin waɗannan alƙaluma, suka ƙi yarda cewa haka Allah ya yi su. Suka tsare ƙofar lasisi, suka sa hukunci ya zama tabbas ga babba da yaro, suka gyara titi, sannan ladabin ya biyo baya, cikin ƙasa da zamanin mutum ɗaya. Ƙasar da take son direbobi masu haƙuri, aikinta na farko shi ne ta daina sayar da lasisi, na biyu kuma ta tabbatar mai haƙuri ya daina zama wanda ke asara a kan titi.